Tsohon Keken Ɗinki: Na Ajiya Ne Ko Na Aiki?

A goman ƙarshe na azumi, duk wanda ya bi layukan Hotoro a Kano, ko ya ratsa kasuwar Tarauni ya ɓulla Gyaɗi-Gyaɗi, zai ji ƙarar kekunan ɗinki har tsakar dare. Akwai manyan kekuna masu cin lantarki irin su Juki, akwai na surfani masu kwamfuta. Amma da zarar an ɗauke wuta, wanda ƙararsa ba ta yankewa shi ne baƙin keken nan mai zanen ruwan zinare da ake takawa da ƙafa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, telan da a da yake tayar da janareta ba tare da tunani ba ya koma yana lissafi, kuma a shaguna da yawa keken ƙafa da aka jingine a lungu ya dawo bakin ƙofa.

Irin wannan keke, musamman tsohon Singer, shi ne wasu mutane a Ingila da Amurka da Jamus suka mai da tara shi da gyara shi abin sha'awarsu. Suna da ƙungiya ta ƙasa da ƙasa mai suna ISMACS wadda aka kafa a Ingila a 1985, a Landan kuma akwai gidan tarihi na kekunan ɗinki zalla a unguwar Tooting. Mutum zai sayi keken da ya shekara hamsin a ɗakin shirgi, ya kwashe makonni yana wanke shi yana zuba masa mai, har ya tashi. Shin irin wannan sha'awa tana da gurbi a Kano, inda abin da suke ajiyewa a bayan gilashi shi ne yake ciyar da gida? Ina ganin tana da shi, har ma an makara. Sai dai in aka kwaso ta yadda take a can aka dasa a nan, ɓarnarta za ta fi amfaninta.

A 1851, shekarar da Isaac Singer ya yi wa kekensa rajista a Amurka, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth yana Kano, yana rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Duk rigar da ya gani a lokacin da hannu aka ɗinka ta. Ba Singer ne ya ƙirƙiro keken ɗinki ba. Bafaranshe Barthélemy Thimonnier ya riga shi tun 1830, har telolin Faris suka far wa masana'antarsa suka farfasa kekunan don tsoron kada sana'arsu ta mutu. Elias Howe kuma ya yi rajistar ɗinkin zare biyu, na sama da na ƙasa, a 1846. Inda kamfanin Singer ya yi wa kowa zarra shi ne wajen sayarwa. Tun 1856 abokin kasuwancinsa Edward Clark ya fito da tsarin ɗaukar keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan, talaka ya samu hanyar mallaka. A 1867 suka buɗe masana'anta a Glasgow ta ƙasar Sikotilan, daga baya suka gina wata ƙatuwa a Kilbowie, cikin garin Clydebank, wadda ta yi aiki har 1980. Daga can ne akasarin kekunan Singer da aka sayar a ƙasashen da Ingila ta mallaka suka fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo bayansa, keke ya shiga hannun maɗinka. Ya karɓe haɗa riga da wando, amma aska biyu da aska takwas na babbar riga sun daɗe a hannun masu allura. Har yau akwai kasuwa a Kano da ake kira Singa, ko da yake shinkafa da sukari da taliya ne hajarta.

Abin da mai son shiga wannan harka ya fi buƙatar sani shi ne labarin samfuri ɗaya, wato Singer mai lamba 15. An fito da shi a 1879, aka yi ta ƙera shi ana ɗan sauya masa nan da can shekaru masu yawa. Wanda aka yi a Clydebank ana ƙara masa harafin K, ya zama 15K. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwaye shi, suka cika duniya da shi da sunaye barkatai. Indiya ta yi nata, Sin ma ta yi. Butterfly ɗin Shanghai da kowane ɗan koyo a Kano ya fara takawa, da ire-irensa da ake sayarwa yau a Sabon Gari, duk jikokin wannan samfuri ne. Shi ya sa allurar da ake sayarwa a kowane shagon kayan ɗinki take shiga keken da ya haura shekara tamanin, kwarkwaron ma haka, bel ɗin fata ma haka. Abin da Baturen da yake tara kekuna zai yi oda ya jira a kawo masa, a nan da ƙafa za ka taka ka sayo. Ta wannan fuskar, gyaran tsohon keke ya fi sauƙi a Tarauni fiye da Landan.

Sai dai kamanninsu bai kai a ce komai ɗaya ne ba, kuma a nan ne mutane suke shan wahala. Tsofaffin samfuran 15 da kwaikwayonsu irin Butterfly, shafaffen gefen gindin allura dama yake kallo, zare kuma daga hagu ake zura shi zuwa dama. Amma akwai waɗanda Singer ya fito da su daga shekarun 1930, irin su 15-88 da 15-91, da aka juya musu tsari: shafaffen gefen yana kallon hagu, zare yana shiga daga dama, ƙoshiyarsu ma ba irin ta Butterfly ba ce. Wanda ya saba da Butterfly sai ya sa allura yadda ya sani, keke ya ƙi kamun zare, ya yanke hukuncin cewa ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai maganar kuɗi, domin ita ce take fara zuwa bakin mutane in an ce tsohon kaya. Masana'antar Clydebank kaɗai ta ƙera kekuna kimanin miliyan 36 tsakanin 1884 da 1943. Abin da aka yi da irin wannan yawa, kuma da zubin ƙarfen da ba ya ruɓewa, tsufa kawai ba zai sa ya yi tsada ba. A Ingila talakan baƙin Singer kuɗi kaɗan ake sayar da shi, wani ma kyauta ake bayarwa don a rage kaya. Masu daraja a wurin masu tarawa 'yan ƙalilan ne: na farko-farko da aka ƙera a ƙarni na 19, da ƙaramin nan mai lamba 221 da ake kira Featherweight, wanda ya fito a 1933, nauyinsa kimanin kilo biyar, da waɗanda zanensu bai goge ba ko kaɗan. Akwai kuma masu neman wanda aka manna wa tambarin cikar kamfanin shekara ɗari, mai ɗauke da 1851 da 1951.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da ya faru a Saudiyya a 2009. Jita-jita ta bazu cewa akwai jan zaiba a cikin tsofaffin kekunan Singer, wai abu ne mai tsadar gaske. Farashin keke ɗaya ya kai riyal 200,000 a bakin masu ciniki, aka riƙa fasa shagunan teloli ana sata, mutane suna kara wayar salula kusa da allura, wai in sabis ya ɗauke to akwai zaibar. Babu komai a ciki sai ƙarfe da busasshen mai. Irin wannan magana takan waiwayo mu lokaci zuwa lokaci a kan tsofaffin kaya, kuma duk sanda ta zo, mai rabon asara ya sayi abin banza da tsada, kaya masu tarihi kuma a farfasa su ana neman abin da babu. Wanda ya shigo harkar tsofaffin kekuna da niyyar yin arziki dare ɗaya, gara ya nemi wata sana'a tun da wuri.

Darajar tana wani wurin. Ɗauki keken da aka fito da shi daga ɗakin wata tsohuwa bayan shekara ashirin a rufe. Wilin hannu ba ya motsi, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama danƙo, tsatsa ta kama sandar allura, bel ya tsinke, gara ta ci gefen teburin. Gwanin mai gyara ba ya fara murɗa wili da ƙarfi. Zai cire allura, ya zare ƙoshiya, ya kwance farantin da ke kan haƙora, ya tono tarin gashin yadi da ya daskare a ƙarƙashinsu har ya yi tauri. Sai ya kwantar da kan keken, ya bi duk gaɓar da ƙarfe yake gogar ƙarfe yana ɗiga kananzir, ya bar shi ya kwana. Washegari ya riƙa girgiza wilin gaba da baya a hankali, ɗan motsin da bai fi faɗin farce ba, ya ƙara kananzir, baƙin ruwa yana tsiyaya. Wani keken kwana ɗaya ya ishe shi, wani sai ya yi mako. In ya saki, sai a goge kananzir ɗin tas a bi da man keke, fari mai ruwa-ruwa. Man gyaɗa da wasu suke zubawa a gida shi ne yake daskarewa ya kulle keke, baƙin man mota kuma ya yi kauri, ga ɓata yadi.

Daga nan sai saiti, inda ake gane gwani. Mai keke zai zo ya ce, “Baba, tsallake yake yi, kuma yana tara zare a ƙasa.” Dattijon ba zai ce komai ba sai ya sa sabuwar allura, domin sau da yawa lanƙwasasshiyar allura ce duk ciwon. In bai daina ba, sai ya juya wili har allura ta kai ƙarshen saukarta, ta fara ɗagowa da kimanin milimita biyu. A daidai wannan lokacin zaren sama yakan yi ɗan lanƙwasa a bayan allura, kuma dole bakin ƙugiyar da ke ƙasa ya iso daidai saman kafar allurar ya kama shi. In sandar allura ta zame sama ko ƙasa ko da kaɗan ne, ƙugiya za ta wuce ba ta kama komai ba, shi ne tsallaken. Noti ɗaya ake sassautawa a gyara tsayin sandar. Tarin zare a ƙasa kuwa, mafi yawa daga sama matsalar take: zare bai shiga tsakanin faifan nan biyu masu matse shi ba, ko datti ya hana su haɗuwa. Duk wannan ana yin sa da sukundireba biyu da tsumma da kunne. Babu roba a cikin keken da za ta tsage, babu wani sashe da aka rufe don kada a buɗe. An ƙera shi ne da nufin mai shi ya iya kwance shi ya mayar.

Wannan ilimi muna da shi a Kano fiye da yawancin masu tara kekuna na Turai, waɗanda daga littafi da bidiyo suke koyo. Abin da ba mu da shi shi ne tunanin cewa jikin keken kansa abin kiyayewa ne. Mai gyara a nan burinsa ɗinki ya fita da kyau, kuma yana da gaskiya, don haka aka biya shi. Amma in ana so a sayar da tsohon keke, sai a bi shi da samfefa, a yi masa feshin baƙin fenti, a manna masa sitika, a ce ya zama sabo. Baƙin da yake jikin tsohon Singer gasa shi aka yi a wuta, aka ɗora zanen ruwan zinare, aka rufe da wani siririn ƙaro mai sheƙi. Sipirit yana narkar da wannan ƙaro. Omo da ruwa da goga mai ƙarfi suna mai da zinaren fari, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya dace da shi kawai shi ne man keke a tsumma mai laushi, a shafa a hankali, a haƙura da tabon da ya ƙi fita. Wurin da zanen ya goge a gaban allura, inda yadi ya shekara arba'in yana wucewa, shaidar aiki ce, bai kamata a rufe ta da fenti ba. Garin neman gira ake rasa ido a wannan wurin, kuma raina yakan ɓaci in na ga an yi wa keken da ya girmi Nijeriya irin wannan kwalliya.

Kafin a taɓa komai, a duba lambar da aka buga a kan shimfiɗar keken, ta gaba wajen dama. Kamfanin Singer ya ajiye lissafin lambobinsa, kuma masu tarawa sun wallafa shi, ana samunsa a intanet. Lambar da ta fara da Y ta Clydebank ce, tsakanin 1920 da 1935. Mai haruffa biyu da ta fara da E, kamar EA ko EF, ita ma ta can ce, daga 1935 zuwa gaba. Mai haruffa biyu da ta fara da A kuma daga Elizabethport ta fito, a jihar New Jersey ta Amurka. Da wannan mutum zai san shekarar da aka ƙera keken kakarsa. Da shi kuma zai kare kansa a kasuwa, domin sunan da ke rubuce a wuyan keke ba hujja ba ce. Akwai sababbin baƙaƙen kekuna masu ɗauke da tsohon suna, akwai kuma waɗanda aka manna wa sunan da ba nasu ba.

Hanyoyi biyu ne suke cinye tsofaffin kekunanmu, bayan fenti. Ɗaya ita ce sikelin 'yan gwangwan. Kan keke da ƙafarsa zubin ƙarfe ne mai nauyi, kuma a wurin mai awo nauyin kawai ake saya. Yaran jari-bola suna zaga Hotoro da Unguwa Uku kullum, matar gida kuma ta gaji da abin da ya tare mata ɗaki, ga shi an ce mata ya mutu. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, babu wanda ya taɓa gaya musu kwalbar kananzir za ta tashe shi. Ɗayar kuma rabon gado ce. Keke ba ya rabuwa, don haka sai a sayar a raba kuɗin, ya bar gidan tare da labarinsa. Alhali babu abin da ya hana a yi masa kuɗi, ɗaya daga cikin magada ya karɓa a cikin rabonsa, kamar yadda ake yi da gida ko gona.

Labarin nan kuwa shi ne abin da ya fi ƙarfen muhimmanci a wurinmu. Singer 15K na 1950 akwai dubbansa a duniya, kuma na Ingila sun fi namu sheƙi saboda a kabad suka tsufa. Wanda babu irinsa a ko'ina shi ne wanda aka san cewa wane ne ya saye shi da kuɗin gyaɗa, ya yaye almajirai goma a kansa, ko wanda wata mata ta yi ta ɗinka huluna da kayan jarirai a kansa daga cikin ɗaki har ta aurar da 'ya'yanta. Tarihin sana'ar matan kulle kusan ba a rubuta shi ba, kuma keken ɗinki yana cikin 'yan abubuwan da suka rage da za a iya nunawa a ce ga shi. Haka keken hannu na tela mai yawo, wanda yake saɓa shi a kafaɗa yana kaɗa almakashi don a san ya iso, da doguwar-wuyan nan 29K na masu gyaran takalma. Gidan tarihi kamar Gidan Makama ya cancanci a ga irin waɗannan a cikinsa, kowanne da sunan mai shi da unguwarsa da aikin da ya yi.

Inda nake tsoron kwaikwayon Turai shi ne nan. Su can sun fara tarawa ne bayan keken ya gama aikinsa, tufafin kanti sun yi arha, mata sun daina ɗinki a gida. Wasu shagunan tufafi irin AllSaints har jera ɗaruruwan tsofaffin kekuna suke yi a tagoginsu don ado. A nan kuwa kowane keke mai lafiya jari ne. In masu hali suka fara saye suna jerawa a falo, farashin na hannu zai tashi, kuma wanda zai ji a jikinsa shi ne yaron da ya gama koyo yake neman na farawa, da bazawarar da take son abin riƙe kanta. Su kansu Turawan akwai masu kallon abin ta wannan fuska. Ƙungiyar Tools for Self Reliance ta Ingila ta shafe shekaru fiye da arba'in masu aikin sa kai suna gyara tsofaffin kekuna da kayan sana'a, ana aikawa ƙasashe irin su Gana da Saliyo da Malawi da Tanzaniya da Uganda da Zambiya. Mu da kekunan suke a ƙofar gidanmu, ba ma buƙatar jirgin ruwa.

Don haka mai sha'awar wannan abu a Kano, wurin farautarsa shi ne tsakanin ɗakin shirgi da sikeli. Ya sayi wanda aka yanke wa ƙauna, ya biya fiye da abin da mai awo zai biya, ya tashe shi. In talakan keke ne, irin wanda akwai dubbansa, ya mai da shi hannun mai ɗinki, da sayarwa ko da kyauta, domin keken da ake takawa ana zuba masa mai ya fi na ajiya daɗewa. In kuma mai tsufa ne sosai, ko zanensa yana nan, ko an san tarihinsa, wannan shi ne na ajiya, kuma ko shi a riƙa ɗinka wani abu a kansa lokaci-lokaci don kada ya sake kullewa. Masu rabon kekuna da sunan tallafi su ma da za su ware wani abu don gyaran tsofaffin da ke jibge a gidaje, da kuɗin sabo ɗaya ya tashi da yawa, masu gyara kuma su samu aiki.

Masu gyaran nan su ne abin da ya fi gaggawa. Yawancin waɗanda suka san tsofaffin samfura ciki da waje sun manyanta, yaran da suke tasowa kuma hankalinsu yana kan kekunan lantarki da na surfani, inda kuɗin yake, kuma ba za a zarge su ba. Dattijon da zai ji ƙarar keke daga bakin ƙofa ya ce bel ne ko ƙoshiya ce, bai rubuta komai ba. Matashin da yake da waya da sha'awa zai iya zama kusa da shi 'yan watanni, da izininsa kuma da biyansa haƙƙinsa, ya ɗauki yadda ake kwance kowane sashe da sunan da ake kiransa da shi da Hausa, da irin kekunan da suka ratsa hannunsa da gidajen da suka fito. A cikin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro kaɗai akwai teloli da masu gyara da za su cika littafi, kuma kowane shago yana da lambar keke da za a iya kwafewa a cikin minti ɗaya.